An 'Yanta Ta, To Ina Za Ta Kwana?

Yau tarihi na ɗauko mana, kuma tun daga farko ina gaya muku mai ɗaci ne, sai a yi haƙuri a gyara zama. Ita kalmar "baiwa" kowaccenmu ta san ta, ko a tatsuniyar kaka, ko a bakin matar da aiki ya sha wa kai ta dubi maigida ta ce, "Wai ni baiwarka ce?" Mun mayar da ita abin gatse domin muna ganin zancen ya wuce tun zamanin kakannin kakanni. To ni dai da na bi sawun labarin tun daga wancan zamani har zuwa namu, abu guda na yi ta tuntuɓe da shi. Duk sa'ar da hukuma ta ce da mace "je ki, an 'yanta ki," da wuya a sami wanda ya tsaya ya tambayi inda za ta sa haƙarƙarinta a daren ranar.

Bari mu fara da yawan abin, don kada a ce ƙari nake yi. A shekarar 1851 wani Bature ɗan Jamus mai suna Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa Abdulkarim, ya sauka a Kano ya zazzaga kasuwa. A lissafinsa, bayin da ake fitarwa daga Kano kowace shekara sun kai kimanin 5,000, ban da waɗanda ake saye a ajiye a cikin gida da rinji. Wasu a nufi Barno da su, wasu Nupe, wasu kuma a keta Sahara da su zuwa Murzuk da Tarabulus. Duk wadda ta karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, za ta tuna uwar nan da ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu bayi. Labarin ƙagagge ne, amma hanyar da aka bi da su ta gaske ce. Daga baya wasu masana tarihi biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu na 1993, suka ƙiyasta cewa lokacin da Turawa suka ci ƙasar nan akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a daular Sakkwato. A kasuwa kuwa kuɗin budurwa ya fi na ƙato majiyi ƙarfi, saboda ita ga daka ga surfe ga ɗebo ruwa, sannan in maigida ya ga dama ya sa ta ɗaka ta zama ƙwarƙwara.

Kuma kada a ce malamai sun yi shiru. Tun a 1615 Malam Ahmad Baba na Timbuktu ya ba da fatawa cewa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno Musulmi ne, bai halatta a mallake su ba. An ji fatawar, amma ayari bai fasa tafiya ba.

A 1901 Gwamna Lugga ya fitar da dokarsa, tun ma kafin sojojinsa su shiga Kano da Sakkwato a 1903. Dokar ta hana harin bayi, ta hana saye da sayarwa, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga ranar 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ko da iyayensa bayi ne. To amma ba ta ce kowa ya kama gabansa ba. Turawa suna tsoron kada gonaki su zama kufai, sarakuna kuma su yi musu bore, saboda haka sai suka bar abin ya mutu a hankali. Bawa namiji yana da mafita, zai iya yin murgu, wato ya yi sana'arsa yana biyan ubangijinsa, ya kuma tara kuɗin fansa ya kai gaban alƙali a rubuta masa takarda. Mace fa? Ita sai aka ɗauki zamanta a gidan ubangijinta tamkar zaman aure. In ta gudo ta kawo ƙara, tambayar da za a yi mata ita ce, wa zai biya fansarki? Sau da yawa kuwa namijin da ya biya shi ne zai tafi da ita gidansa. Ta fito daga wannan ɗaki ta shiga wancan ke nan, an dai canza mata maigida. Shi ya sa cinikin ƙananan 'yan mata a ɓoye, musamman daga duwatsun Adamawa, ya daɗe bai tsaya ba. Sai a 1936 aka yi dokar da ta soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya. Ku lissafa da kanku, shekara 35 ke nan tsakanin doka ta farko da ta ƙarshe.

Akwai wani ɓangare na tarihin nan da ba a cika ba mu labarinsa ba. Idan sojoji suka tare ayarin fatake suka ƙwace yara, sai a rasa yadda za a yi da su, domin wasu ƙanana ne ainun, ko sunan garinsu ba su sani ba, wasu kuma garin nasu an ƙone shi. Sai gwamnati ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, hedikwatarta ta wancan lokaci, da wani kuma a Barno. Ana koya wa 'yan matan wanki da guga da ɗinki, mazan kuma kafinta da makamantansu. Da yawa sun isa gidan a galabaice da yunwa da ciwo, suka mutu a can. Waɗanda suka rayu, wasu aka rarraba su gidajen ma'aikata suna yi musu hidima, wasu aka aurar da su ga sojoji da 'yan sanda. A 1909 gwamnati ta sauke nauyin daga kanta, ta rufe gidan Zungeru ta miƙa yaran ga 'yan mishan a Rumasha, bakin kogin Binuwai. Wannan shi ne tallafin gwamnati ga waɗanda aka ceto a wancan lokaci, kuma ko shekara goma bai yi ba.

Af, kafin in manta. Su kansu Turawan Ingila, da suka soke bauta a ƙasashen da suke mulka a 1833, sun biya diyyar fam miliyan 20. Kun san wa aka ba? Iyayen gijin bayin, wai don an raba su da dukiyarsu. Su bayin ko anini ba su gani ba, aka ma ce su ci gaba da yi wa iyayen gijinsu aiki har 1838.

Yanzu sai mu tsallaka iyaka. Duk wadda ta taɓa zuwa Illela ta jihar Sakkwato ta san Birnin Ƙonni na nan kusa, harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya. A can Faransa ta hana cinikin bayi tun 1905, Nijar ta sami mulkin kai a 1960, amma sai a 2003 aka sa bauta cikin manyan laifuffuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Wannan ma sai da wata ƙungiya mai suna Timidria ta matsa, wadda aka kafa a 1991, ma'anar sunan kuwa 'yan uwantaka da harshen Abzinawa. A 2002 'yan ƙungiyar suka bi ƙauyuka da mashekarai suka zanta da mutum fiye da 11,000, daga nan aka ƙiyasta cewa aƙalla mutum 43,000 ne ke cikin bauta a ƙasar. Gwamnatin lokacin ba ta ji daɗin ƙidayar ba. A watan Maris na 2005 aka shirya bikin 'yanta bayi 7,000 a garin Inates, 'yan jarida suka hallara, sai jami'an gwamnati suka zo suka ce ai babu bawa ko ɗaya a Nijar. Aka watse ba a 'yanta kowa ba. Bayan 'yan makonni ma aka kama shugaban ƙungiyar, Ilgilas Waila, aka tsare shi.

A wannan yanayi ne labarin Hadizatu Mani ya fito, kuma ina so ku saurare shi da kyau. An haife ta cikin bauta domin mahaifiyarta baiwa ce. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita ga wani Alhaji mai shekara 46 a yankin Ƙonni, a kan sefa 240,000, wato jika 240 a lissafin mutanen can. Mutumin yana da matansa huɗu cif, ga kuma wasu irinta a gidan. Su ake kira wahaya, ko sadaka, ko mata ta biyar. Ba ɗaurin aure, ba sadaki, ba rabon kwana, ba gado. Ita ce aikin gona, ita ce ɗebo ruwa, ita ce wanke-wanken matan gida, sannan maigida ya neme ta duk sa'ar da ya so. Tun ba ta cika shekara 13 ba ya fara zuwar mata da ƙarfi. Shekara tara tana cikin wannan hali, ga duka, har ta haifa masa 'ya'ya. Masu yin wannan suna fakewa da addini, alhali kuwa yarinyar da ba a kamo ta a wani yaƙi ba, Musulma 'yar Musulmi, ban ga ta inda kuɗi zai halatta ta ba. Malam Ahmad Baba ya riga ya ba da amsa shekaru ɗari huɗu da suka wuce.

A watan Agusta na 2005, da Alhajin ya ga sabuwar doka ta fara ƙaratowa, sai ya rubuta mata takardar 'yanci, aka sa hannu aka buga hatimi. Hadizatu ta ɗauki takardarta za ta fita, sai ya tare ƙofa ya ce ina za ki, ai ke matata ce. Kun ji fa! Jiya baiwa, yau matar aure, ba tare da an raba ko goro ɗaya ba.

Ta sami dabara ta fice ta kai ƙara. A watan Maris na 2006 kotun farko a Ƙonni ta ce babu aure a tsakaninsu, tunda ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura ba, ba a kuma nemi yardarta ba. Alhaji ya ɗaukaka ƙara, kotu ta gaba ta rushe wancan hukunci ta ce bisa al'ada matarsa ce. Ana cikin wannan ja-in-ja ta sami wanda take so, danginta suka ɗaura musu aure. Sai Alhajin ya koma kotu ya ce ta yi aure kan aure. A watan Mayu na 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida, da ita da angon da kuma ɗan uwanta. Ta yi kusan wata biyu a gidan kaso kafin a sake ta. Wallahi duk sa'ar da na zo wannan gaɓa sai in ji raina ya ɓaci. Shekara huɗu da kafa dokar da ta ce mai riƙe da bawa ya sha ɗaurin shekara 30, amma wadda aka fara rufewa ita ce baiwar.

Da taimakon Timidria da lauyoyi, Hadizatu ta kai gwamnatin ƙasarta gaba ɗaya ƙara a kotun ECOWAS. Alƙalan suka taso suka zauna a Yamai, ta tsaya a gabansu ta faɗi abin da ya same ta da bakinta. Ranar 27 ga Oktoba 2008 suka yanke hukunci cewa lallai an bautar da ita, kuma gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, domin alƙalanta sun ga bauta ƙiri-ƙiri suka kau da kai. Ta nemi diyyar sefa miliyan 50, aka ba ta miliyan 10. Da 'yan jarida suka tambaye ta me za ta yi da kuɗin, abin da ta ambata shi ne gida, da gona, da dabbobi, da karatun 'ya'yanta. Ku dubi jerin nan da kyau, 'yan uwa. Abubuwan da takardar 2005 ba ta zo da su ba ke nan, kuma rashinsu ne ke mayar da mace gidan da ta gudo, domin wadda ba ta da gona ba ta da dangi masu hali, yunwa ce za ta raka ta har ƙofar ubangijinta. A 2014 aka fara ɗaure wani mutum a Ƙonni shekara huɗu saboda ajiye wahaya. Ita kuwa Hadizatu sai a 2019 babbar kotun ƙasar ta wanke ta daga laifin aure kan aure, ta kuma ce al'adar mata ta biyar ba ta da gurbi a doka.

To yau ina aka kwana? A 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da abokan aikinta suka fitar da ƙiyasin cewa a 2021 mutum kusan miliyan 50 ne ke cikin abin da ake kira bautar zamani a duniya, ƙarin kusan miliyan 10 a kan na 2016. Miliyan 28 aikin tilas, miliyan 22 kuma auren dole. I, auren dolen nan da muka sha karantawa a littattafan soyayya muna share hawaye, shi ma an sa shi a lissafi. Ƙungiyar Walk Free kuma a rahotonta na 2023 ta ce rabon Nijeriya a ciki ya kai mutum miliyan 1.6. Duk ƙiyasi ne, domin ba wanda ke kai 'yar da ya ɓoye a bayan gida wurin masu ƙidaya.

Hanyar Sahara ma ba ta mutu ba, raƙumi ne kawai ya ba mota wuri. A watan Oktoba na 2013 motoci biyu suka lalace bayan sun bar Arlit za su Aljeriya. Aka tsinci gawa 92, ƙishirwa ta kashe su, 52 yara ne, 33 mata. Yawancinsu Hausawa ne daga yankin Kance na jihar Damagaram, bara za su je yi. A irin wannan tafiya wani yaron ma ba na matar da ke riƙe da shi ba ne, aro aka yi daga iyayensa da alkawarin za a kawo musu rabonsu. Gwamnati ta yi zaman makoki na kwana uku. Daga ƙarshen 2014 aka fara kwaso mutane daga Aljeriya a manyan motoci ana mayar da su garuruwansu, amma tunda rumbun da suka bari ba komai shi suka tarar, da yawa suka sake komawa. Sai a 2019 Nijar ta buɗe gidanta na farko na karɓar waɗanda aka yi safararsu, a Damagaram, shi ma da tallafin hukumar ƙaura ta duniya.

Sai kuma hanyar jirgi, wadda ta fi shafar 'yan matanmu na birni. Ejan ya zo da zaƙin baki, za a yi miki fasfo da biza, aikatau ne kawai a ƙasar Larabawa, albashi da kuɗin waje. Kina sauka a karɓe fasfon, a ce sai kin biya bashin da aka kashe, uwar ɗaki kuma ta kulle ƙofa. A watan Afrilu na 2020 wani mutum a Labanan ya saka hoton fasfon wata 'yar Nijeriya a Facebook ya ce ta sayarwa ce, dala 1,000. An kama shi, an ceto ta. Amma da aka ce ta zo a mayar da ita gida, da farko cewa ta yi a'a, ta sami wani gidan aikin. Mutane suka yi ta mamaki. Ni ban yi ba, domin na san tambayar da ta yi wa kanta.

A Nijeriya an kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane a 2003, bayan fafutukar da ƙungiyar Hajiya Titi Abubakar ta yi, aka kuma sabunta dokarta a 2015. A gaskiya hukumar tana aiki, tana da ofisoshi har a Kano da Sakkwato da Maiduguri, tana da gidajen da take sauke waɗanda aka ceto, ana duba lafiyarsu, ana koya wa wasu ɗinki ko gyaran gashi. Dokar ma ta tanadi asusu na musamman don tallafa musu. A 2022 hukumar ta sanar da cewa ta yi nasarar sa an hukunta mutum 80, wanda a lokacin shi ne mafi yawa da ta taɓa samu a shekara guda. Ku ajiye 80 ɗin nan kusa da miliyan 1.6 ku gani. Sannan zaman gidan an tsara shi ne na kamar mako shida. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton zantawar da ta yi da mata da 'yan mata 76 da aka yi safararsu, wasu suka ce a gidajen ba a barinsu fita, ba sa samun yin magana da danginsu yadda suke so, abinci da sabulu ma ba sa isa. Mace ta fito daga ɗakin da aka kulle ta, a sake kulle ta a wani wai don a kare ta, kwana arba'in da biyu kuma a ce ta koma gida. Ni dai da na karanta wannan, Zungeru ce ta faɗo mini a rai.

Akwai kuma wani sashe na dokar 2015 da ya shigo har tsakar gidanmu, kuma na lura matan aure da yawa ba su san da shi ba. Ya ce duk wanda ya ɗauki yaro ko yarinya da ba ta kai shekara 12 ba aikin gida, ko ya kawo ta, ko ya ba da hayarta, zai sha ɗaurin wata shida zuwa shekara bakwai. Mun san yadda abin yake. Dillaliya ta kawo yarinya daga ƙauye da 'yar ledar kayanta, a yi ciniki a zaure, ƙarshen wata kuɗin ya tafi hannun dillaliyar, ita ta cire nata ta aika wa iyaye saura, wai ana tara mata kayan ɗaki. Yarinyar ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, 'ya'yan gida su tafi makaranta ita tana bakin murhu. In tsautsayi ya sa aka ƙona ta ko aka yi mata dukan da maƙwabta suka kai ƙara, hukuma ta zo ta ɗauke ta, a kai ta asibiti, a nemo iyayenta a damƙa musu. A ƙauyen kuwa dillaliyar nan tana nan, ta san gidan, ta san bashin da ke kan uban, kuma bayan girbi za ta sake shigowa gari da mota cike da yara.